Kuɗin Sallamata Sun Fito, Masu Ba Ni Shawara Sun Yi Yawa: Wa Zan Saurara?

Assalamu alaikum. Na yi shekara talatin ina aiki, wata biyu da suka wuce aka biya ni kuɗin sallama, kuma tun daga ranar ban huta ba. Mijin ƙanwata, mutumin kirki wanda ban taɓa kama shi da ƙarya ba, yana so in zuba kuɗin a wani kamfani da ke ba shi ribar kashi 10 cikin 100 duk wata. Ya yi wata shida a ciki, har ya nuna min saƙonnin shigowar kuɗin a wayarsa. Wani jami'i a bankin da nake ajiya ya kira ni sau uku a kan wani tsarin ajiya na shekara goma mai haɗe da inshora, ya ce shawarar kyauta ce. Babban ɗana kuma ya turo min bidiyoyin wani matashi mai ɗimbin mabiya da ke koyar da cinikin canjin kuɗi da kirifto ta intanet. Ni ban san kan wannan harka ba, kuma ba na sa ran sake riƙe kuɗi a dunƙule kamar waɗannan. Da wa zan yarda?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a guminka, ya sa ka ci shi cikin lafiya.

Kafin komai, ka bar kuɗin inda suke. Wata ɗaya ko biyu da za su ƙara yi a asusunka kana bincike ba zai rage su da abin a-zo-a-gani ba, amma sa hannu guda na gaggawa yana iya cinye shekara talatin ɗin nan. Duk wanda ya ce maka dama za ta wuce in ba ka yanke shawara a makon nan ba, ka bar ta ta wuce.

Ka tambaya da wa za ka yarda, kamar dai abin da ya rage shi ne a auna halin mutanen uku a ɗauki mafi gaskiya. A harkar kuɗi wannan ma'auni bai isa ba, domin mai gaskiya yana iya kai ka ya baro ka alhali shi ma bai sani ba. Abin da muke so ka auna a kan kowane mai shawara shi ne wa ke biyansa, a hannun wa kuɗinka za su zauna, wace hukuma ce ke sa masa ido, kuma me za ka rasa ranar da ka ce a ba ka abinka. Mu ɗora mutanenka a kan wannan sikeli, mu fara da surukinka, don nasa ne ya fi tayar mana da hankali.

Ɗauki biro ka yi lissafin da kanka. Kashi 10 a wata, in ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, yana nufin 100 ta zama 314 a shekara guda, ta zama 985 a shekara biyu, ta haura 30,000 a shekara biyar. A shekara goma kuɗin sun ninka sama da sau dubu casa'in. Warren Buffett, wanda duniya ke kafa misali da shi wajen iya zuba jari, matsakaicin abin da hannun jarin kamfaninsa ya riƙa ƙaruwa tun 1965 bai wuce kusan kashi 20 a shekara ba. Kasuwar hannun jarin Amurka kuwa, in aka haɗa shekarun daɗi da na wuya, wajen kashi 10 take bayarwa a shekara. Wato abin da wannan kamfani ke alƙawarin bayarwa a kwana talatin shi ne abin da babbar kasuwa ke bayarwa a wata goma sha biyu, ita ma ba kowace shekara ba. Wanda ya mallaki sana'a mai irin wannan riba ba ya buƙatar kuɗin sallamar kowa, bankuna ne za su yi layi suna roƙonsa ya karɓi rance.

To saƙonnin da ya nuna maka fa? Na gaske ne, ba mu ce ƙarya yake yi ba. Amma duba su da kyau. Idan ya zuba 100, aka riƙa ba shi 10 har wata shida, 60 ya karɓa. Har yanzu 40 daga cikin nasa na kansa suna hannunsu, ko kwabon riba bai gani ba tukuna. Ana iya biyan mutum wata goma cur daga cikin kuɗinsa ba tare da an yi cinikin komai ba, a kuma mayar da shi mai yi wa kamfanin talla a cikin danginsa. Bayan nan sai a ci gaba da biyansa da kuɗin waɗanda ya kawo. Haka Charles Ponzi ya yi a birnin Boston a 1920, yana alƙawarin kashi 50 cikin kwana 45, kuma waɗanda suka fara shiga sun karɓi kuɗinsu cas, su ne ma suka jawo sauran. Tsarin yana tafiya muddin sababbin kuɗi sun fi masu fita yawa. Ranar da masu shigowa suka ragu sai a fara jin ana gyaran manhaja, ko banki ya riƙe kuɗin, ko a ce sai ka biya wani haraji kafin a sakar maka naka.

Akwai wanda zai ce ai wannan na masu kwaɗayi ne. Labarin Bernard Madoff ya ƙaryata haka. Mutumin ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, kamfaninsa na da rajista, kuma bai yi alƙawarin abin da zai sa a zarge shi nan take ba: wajen kashi 1 a wata, amma ba fashi, kasuwa ta hau ko ta faɗi. Da yawan waɗanda ya yashe mutanen al'ummarsa ne ta Yahudawa, da ƙungiyoyinsu na agaji, kowa aboki ko ɗan'uwa ne ya kai shi. Zamba cikin aminci ke nan. Lokacin da asirinsa ya tonu a Disamba 2008, takardun da yake aika wa mutane suna nuna kusan dala biliyan 65, alhali kuɗin babu su. An yanke masa ɗaurin shekara 150 a 2009. Abin da ya ba shi damar daɗewa shi ne, shi ke juya kuɗin, shi ke ajiye su, shi ke buga takardar da ke cewa suna nan, sannan wani ɗan ƙaramin ofishin akanta ne ke sa hannu a kan littattafansa. An ba kura ajiyar nama, an kuma ce ita za ta riƙa kawo rahoto. Wani masanin lissafin kuɗi, Harry Markopolos, ya kai ƙorafi ga hukumar kula da hannun jari ta Amurka tun shekarar 2000 cewa ribar da ba ta taɓa tangarɗa haka ba za ta yiwu ba, aka yi sakaci da maganarsa. Daga nan ka riƙe abu biyu. Riba mai zuwa daidai wa daida kowane wata alamar haɗari ce, domin kasuwar gaske tana hawa tana sauka. Kuma lasisi shi kaɗai bai wadatar ba sai ka san inda kuɗin suke kwana.

Ka tambayi surukinka a hankali, ba cikin jama'a ba, ko ana ba shi wani kaso in ya kawo mutum. Idan ana ba shi, to ya zama dillalin kamfanin ko da bai ɗauki kansa haka ba, kuma shawararsa ta dillali ce. Idan kuma an ce maka kamfanin na halal ne, har wani malami ya sa masa albarka, ka raba tambayoyin biyu. Malami yana iya gaya maka ko irin cinikin da aka siffanta masa ya halatta. Ko ana yin cinikin da gaske, wannan sai wanda ya buɗe littattafan kamfanin ya ga kayan da idonsa.

Jami'in banki kuma lamarinsa daban. Ba mu ɗauke shi macuci ba, abin da yake tallatawa wataƙila yana kan doka, wataƙila ma ya dace da wani. Sai dai kalmar kyauta da ya faɗa ita ce wurin tsayawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya kira ka sau uku yana da adadin da aka ɗora masa ya sayar, ko kamashon da zai samu, kuma kamashon daga cikin kuɗinka zai fito ta hanyar da ba za ka gani a saƙon waya ba. Wannan matsala ta yi girman da Birtaniya ta hana masu ba da shawarar zuba jari karɓar kamasho daga kamfanonin da suke tallata kayansu tun daga ƙarshen 2012, Ostareliya ma ta wajabta bin irin wannan doka tun 2013. A ƙasashe da yawa har yau ana karɓa, don haka nauyin tambaya yana kanka. Mai cin kamasho ba lallai ya yi maka ƙarya ba. Abin da yakan faru shi ne ya nuna maka kayan shagonsa kawai, daga ciki ma wanda ya fi kawo masa, ya yi shiru a kan mai araha da ke wani wuri.

Ka je wurinsa da takarda, ka ce ya rubuta maka amsoshin nan da hannunsa ko ya buga su a takardar banki. Nawa shi da bankin za su samu in ka sa hannu? Jimillar abin da za a riƙa cirewa duk shekara kashi nawa ne, in an haɗa kuɗin gudanarwa da na inshora da duk wani caji? A cikin ribar da ya ambata, wacce ce aka lamunce, wacce ce hasashe? Sannan wadda ta fi muhimmanci ga mai shekarunka: in ka buƙaci kuɗinka bayan shekara ɗaya, ko biyu, ko biyar, nawa za su ba ka a hannu? Irin waɗannan tsare-tsare masu haɗe da inshora sukan kwashe kamasho da caji a shekarun farko, shi ya sa wanda ya fita da wuri yakan karɓi ƙasa da abin da ya zuba, wani lokaci ƙasa sosai. Suna da jadawalin da ke nuna wannan shekara bayan shekara, ka ce a ba ka shi ka tafi da shi gida. Ka kuma tambaya ko inshorar da hukuma ke yi wa kuɗin masu ajiya a banki ta shafi wannan tsari, domin sau da yawa abin da ake sayarwa a harabar banki na wani kamfani ne daban, kuma waccan kariya ba ta kai gare shi.

Kada ka raina kashi 1 ko 2 na caji. Ga misali don ka ga nauyinsa: 100 da ke ƙaruwa da kashi 7 a shekara za ta zama 387 bayan shekara ashirin. Idan ana cire kashi 2 duk shekara, 265 za ta zama. Ribar da ya kamata ta kai 287 ta dawo 165, sama da kashi 40 cikin 100 nata ya tafi wurin wasu, alhali kai ne ka ɗauki kasadar duka. Ribar gobe ba wanda ya san ta, amma caji a rubuce yake tun yau, shi ya sa muke matsa maka a kansa.

Na bidiyon ba zai ɗauke mu lokaci ba. Bai san ka ba, bai san shekarunka ko bashinka ko yawan iyalinka ba, magana ɗaya yake yi wa dubban mutane. Abincinsa yakan fito daga kuɗin koyarwa, ko daga kamfanin da ke biyansa a kan duk wanda ya yi rajista ta hanyarsa. A 2022 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta sa wata fitacciyar tauraruwar talabijin ta ƙasar, Kim Kardashian, biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto a Instagram ba tare da ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. Game da cinikin kansa, hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki na hasashen hawa da saukar farashi asara suke yi. Kuɗin sallama ba su da wurin zama a nan. Ka gode wa ɗanka, nufinsa alheri ne. Bidiyo da littafi suna da amfani wajen koyon ma'anar kalmomi, ka san mene ne hannun jari, mene ne takardar lamunin gwamnati, yadda hauhawar farashi ke cin ajiya. Da zarar mai koyarwa ya tashi daga bayani ya koma cewa sayi wannan, ga inda za ka latsa, darasi ya ƙare, talla ta fara.

Ka ga ke nan a cikin ukun babu wanda kai ne ke biyansa kai tsaye, kuma babu wanda ya fara da tambayar halin da kake ciki. Wannan ita ce babbar alamar da za ka gane mai shawarar ƙwarai da ita. Zaman farko kusan duk tambayoyi ne: nawa gidanka ke ci a wata, akwai fansho mai shigowa ko babu, ana bin ka bashi, yara nawa ne ke makaranta, yaya lafiyarka da ta iyali, yaushe za ka buƙaci wane kaso na kuɗin, kuma in jarin ya faɗi da kashi 20 a shekara guda za ka iya jurewa ko zai taɓa abincin gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda bai tambaye ka ba kuwa ba shi da abin da zai ɗora shawara a kai. Kana iya jin ya ce ka fara biyan bashi, ka ware abin da zai riƙe gida aƙalla wata shida a inda za ka iya ɗauka kowane lokaci, sauran kuma a raba su wuri fiye da ɗaya. Irin wannan magana ba ta da armashi, ba ta kuma kawo wa mai faɗinta kamasho, shi ya sa ba kasafai ake jin ta daga masu kiran waya ba.

Wajen nemansa, ka fi karkata ga wanda za ka biya kuɗin zama kai tsaye, na awa ko na aikin gaba ɗaya, wanda ba ya karɓar komai daga kamfanonin da yake ambata. Mutane na ƙyashin biyan wannan kuɗi saboda suna ganin fitarsa, alhali na ɓoye ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ka tambaye shi ƙarara ko doka ta ɗora masa fifita maslaharka a kan tasa, ka ce ya rubuta. Ka gana da biyu ko uku kafin ka zaɓa, ka kai wa na biyu abin da na farko ya rubuta ka ji me zai ce.

Lasisi kuwa da kanka za ka bincika. Kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke kula da harkar hannun jari da zuba jari, da babban banki mai kula da bankuna, da mai kula da inshora, kuma galibinsu suna wallafa sunayen waɗanda suka ba izini da waɗanda suka yi gargaɗi a kansu. Ƙungiyar irin waɗannan hukumomi ta duniya, IOSCO, tana tattara gargaɗin ƙasashe a wuri guda. A nan mutane ke yin kuskure biyu. Na farko, a nuna musu takardar rajistar kamfani su ɗauka lasisi ce. Rajistar kamfani tana nuna cewa akwai kamfani mai wannan suna, ba ta ba shi izinin karɓar kuɗin jama'a ya juya ba. Na biyu, 'yan damfara kan ari sunan kamfanin gaske da lambar lasisinsa, su buɗe shafi mai kama da nasa sak. Maganin wannan shi ne ka ɗauki lambar waya da adireshi daga shafin hukumar, ka kira ka tambaya ko sun san wanda ke magana da kai. Kada ka yi amfani da lambar da shi ya ba ka, ko hoton satifiket da ya turo. Rashin ganin suna a jerin waɗanda aka yi gargaɗi a kansu ba wanke shi ba ne, hukuma takan ji labari ne bayan an cuci wasu.

Ko ka samu wanda ya cika duk waɗannan, kuɗinka kada su bi ta asusunsa na kansa. Su tafi asusu mai sunanka a wata cibiya mai lasisi wadda ba shi ke iko da ita ba, bayanin asusun ya riƙa zuwa maka kai tsaye daga can, kana iya dubawa ba sai ka bi ta kansa ba. Kada ka ba kowa lambar sirrinka ko lambar da banki ke turowa ta waya, kada ka sa hannu a fom mai guraben da ba a cike ba. Kafin ka amince da kowane tsari, gwada bayyana wa uwargida ko babban ɗanka shi da bakinka: ina kuɗin za su, wace sana'a ce ke haifar da ribar, me zai sa a yi asara. In ka kasa, ka koma a sake yi maka bayani. In an yi sau biyu ba ka gane ba, ka bar shi, ko da kuwa kowa na yabonsa.

Saura yadda za ka yi da surukinka, don mun san zumunci ne ya sa abin ya yi maka nauyi. Ba sai ka kira kamfanin na 'yan damfara a gabansa ba, hakan zai sa ya tsaya kare shi. Ka ce masa ka yanke wa kanka ƙa'ida, kuɗin sallama ba za su shiga inda hukuma ba ta ba izini ba, ka roƙe shi ku duba sunan kamfanin tare a shafin hukumar. Ka nuna masa lissafin 60 da 40 ɗin nan a takarda. Sannan ka ba shi shawara, saboda ƙanwarka da 'ya'yanta, ya nemi a ba shi uwar kuɗinsa gaba ɗaya yanzu, ba ribar wata ba, ya kuma dakata da kai kowa har ya ga sun shigo. Idan aka fara yi masa romon baka, ko aka ce za a ƙara masa kaso in ya bari, ko aka nemi ya biya wani abu kafin a sakar masa, kada ya ƙara ko sisi. Ya adana saƙonni da rasiɗai da lambobin asusun da ya tura wa kuɗi, ya sanar da bankinsa, ya kai ƙorafi ga hukumar da wuri. Ya kuma yi hattara da waɗanda za su kira daga baya su ce za su ƙwato masa kuɗin in ya biya su wani abu tukuna, domin sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da wani suna.